Gugar Bututun Birki a Jirgin Sama Ƙirar Hannu da Hanyoyin Hana Ta



Abin da zan yi bayani a kansa yau ƙarami ne ƙwarai, har wani zai ce bai isa a tara mutane dominsa ba. Wani siririn bututu ne, bai fi fensir kauri ba, wanda yake kai man birki daga ƙarƙashin ƙafar matuƙi zuwa tayar jirgin sama. Maƙasudina shi ne in nuna yadda wannan bututu yake gurjewa a hankali ba tare da kowa ya gani ba, da dalilin da ya sa ƙasarmu ta fi wasu ƙasashe saurin cin sa, da kuma abin da maƙerin jirgi ya kamata ya yi tun yana aikin haɗi.

Dalilin kawo wannan magana a Kano

Kano ba baƙuwar jirgin sama ba ce. Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a nan. A 1936 filin jirgin Kano ya fara karɓar jiragen haya, kuma shi ne yau Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Yaron da ya tashi a Fagge ko Sabon Gari da rugugin jirgi a kunnensa ya tashi. Haka kuma unguwannin nan biyu sun daɗe da zama matattarar masu sana'ar hannu. Fagge tsohon zangon fatake ne, Sabon Gari kuwa ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma cikinsu da kewayensu akwai makanikai, da masu walda, da masu gyaran firji, da masu sayar da kayan mota sababbi da na gwanjo. To, inda sha'awa ta haɗu da kayan aiki, ba makawa wani ya ce bari ya gwada.

An kuwa gwada. A 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ba da labarin wani ɗalibin kimiyyar fiziks a Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic da kujerun Toyota. Labarin ya ce jirgin ya ɗaga, amma bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Duk wanda ya tsaya gaban irin wannan aiki, inji yake kallo, da farfela, da fukafukai, tambayarsa kuwa ɗaya ce: zai tashi? Da wuya ka ji wanda ya tambayi yadda zai tsaya idan ya sauka.

Akwai wani misalin da ya fi kusa da zancenmu. A shekarun 1990 kamfanin AIEP na Kaduna, wanda aka fi sani daga baya da DANA, ya haɗa wa Rundunar Sojan Saman Nijeriya jiragen koyon tuƙi kimanin 60 masu suna Air Beetle. Asalin wannan jirgi shi ne RV-6A, ƙirar Richard VanGrunsven na jihar Oregon a Amurka, wanda ya tsara shi domin mutum ya sayi sassansa ya haɗa a gidansa. Saboda haka da shi zan riƙa buga misali.

Bambancin birkin mota da na ƙaramin jirgi

Ka'idar duka ɗaya ce, ita ce wadda Blaise Pascal na Faransa ya bayyana a ƙarni na 17, watau idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yakan kai ko'ina daidai wa daida. Matuƙi ya taka feda, masta ta tura mai cikin bututu, man ya tura kalifa, kalifa ta matse faifan birki. Matsin da ke cikin bututun a wannan lokaci yakan ninka iskar tayar mota sau goma zuwa ashirin. Ƙofar da ba ta fi tsinin allura ba ta isa ta zubar da shi, domin man da ke cikin tsarin gaba ɗaya bai cika kofin shayi ba.

Inda suka rabu shi ne nan. Motar zamani layin birkinta biyu ne, in ɗaya ya fashe ɗaya na nan. Ga birkin hannu, ga giya, ga sitiyari, ga kuma gefen hanya. Ƙaramin jirgi kuwa kowace taya daga manyan tayoyinsa biyu da nata layi guda ɗaya tak, da nata feda. Idan layin dama ya zube, matuƙi ya taka duka biyu, tayar hagu kaɗai za ta kama, jirgin ya murɗe hagu ya bar titi. A jirgi irin RV-6A abin ya fi haka tsanani, domin tayar gaba ba a haɗa ta da wani sitiyari ba, sakakkiya ce, tana juyawa kamar tayar kujerar ofis. Muddin jirgin yana da gudu, iska tana bugun filafilin wutsiya, da shi ake juya shi. Da zarar gudu ya ragu, birkin nan shi ne sitiyarin. Wanda ya rasa birki ɗaya ya rasa abu biyu ke nan a lokaci guda, kuma sau da yawa ba zai sani ba sai ya riga ya dira.

Sai kuma wuta. Bari mu yi ɗan lissafi. Jirgi mai nauyin kilo 750 da ya sauka da gudun kilomita 100 a awa yana ɗauke da ƙarfin motsi kimanin kilojul 290, watau kusan abin da zai kai lita ɗaya ta ruwa ga tafasa. Idan muka ƙaddara faifan birkin biyu sun yi kilo 2 a haɗe, kuma duk wannan ƙarfi ya zube a kansu, zafinsu zai ƙaru da digiri 300 da 'yan kai. Ba duka ne yake zuwa kansu ba, iska da taya suna ɗaukar nasu rabo, amma lissafin ya nuna mana girman abin. Jan man birkin da ƙananan jirage suka daɗe suna amfani da shi, mai lamba MIL-H-5606, daga man fetur aka tace shi, kuma ƙa'idarsa ta yarda tururinsa ya kama wuta tun daga digiri 82. Wannan ne ya sa aka fito da wani mai lamba MIL-PRF-83282, wanda ba ya kamawa sai ya kai digiri 205. To, a yi tunanin bututu ya huje dab da faifai mai zafi, yana fesa mai a cikin rigar taya, tankin fetur kuma yana cikin fiffike daga sama. A Kano kuwa, mai tudun kusan mita 480, ga zafin bazara da yakan haura digiri 40, iska ba ta da kauri, don haka jirgi da ƙarin gudu yake taɓa ƙasa, birki kuma ya ƙara shan aiki.

Yadda guga take ci

Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya a ƙauye ya ga zanen da igiya ta yi a jikin itacen bakinta, wani wurin har yatsa yakan shige. Igiya ba ta fi itace ƙarfi ba. Abu biyu ne suka ba ta nasara, maimaici da kuma yashin da yake maƙale a jikinta. Hausawa sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya. A jirgin sama, yau da goben nan cikin awa ɗaya take cika.

Injin ƙaramin jirgi yakan yi juyi kamar 2,400 a minti ɗaya yayin tafiya, watau 40 a daƙiƙa. A awa ɗaya juyi 144,000 ke nan, a awa 100 kuwa miliyan 14 da dubu 400. Kowane juyi girgiza ce da take ratsa jikin jirgin. Idan bututu yana jingine da gefen wani ƙarfe, ko da motsin bai kai kaurin gashi ba, sau miliyan 14 za a goga shi. Bututun da aka saba sa wa na alminiyam ne mai faɗin rubu'in inci, kaurin bangonsa kuma bai cika milimita ɗaya ba. Ga abin da ke tsakanin man birki da waje.

Yashin kuwa mu ne muke da shi. Ƙurar hunturu da take rufe Kano daga Nuwamba zuwa Maris, wadda mafi yawanta daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, tana ɗauke da ƙwayoyin ma'adinin kwaz. A ma'aunin tauri na Mohs, kwaz yana mataki na 7, alminiyam kuwa bai kai 3 ba. Har ƙarfen da ake yin ƙafar jirgi da shi kwaz yana iya zana shi. Saboda haka roba mai laushi da aka ɗaura a jikin bututu, da zarar ƙura ta shiga tsakaninsu, ta zama samfefa. Littattafan da aka rubuta a ƙasashe masu ciyawa da danshi sun ambaci wannan, amma ba su ba shi nauyin da ya kamata mu mu ba shi ba. In damina ta zo kuma sai wata cutar ta biyo, domin alminiyam da baƙin ƙarfe in suka haɗu da laima a tsakani, alminiyam ne yake ruɓewa.

Wuraren da abin yake faruwa

Ka'idar kariya gajeriya ce. A kowane taƙi na tsawonsa, ko dai bututu ya zama an riƙe shi gam yadda ba zai motsa ba, ko kuwa ya zama a sarari yadda in ya motsa ba zai taɓa kome ba. Tsaka-tsaki, watau ya taɓa kuma yana motsi, shi ne halaka. Da wannan ka'ida za mu bi bututun daga sama zuwa ƙasa.

A wurin feda, masta tana lilo duk lokacin da aka taka, don haka tiyo mai lanƙwasuwa ake sa wa. Ana barinsa da sassauci na kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na tsawonsa, domin tiyo yakan kumbura ya gajarce in matsi ya shige shi. Kada a murɗe shi wajen ɗaurin noti, kuma layin da masana'anta suke zanawa a tsawon jikinsa domin a gane murɗewa aka yi shi. Inda bututu zai ratsa bango ko daɓen jirgi, tilas a goge bakin hudar sumul a sa mata zoben roba. Abin da ya fi wannan shi ne a yanke bututun a wurin, a dasa mahaɗi mai noti a jikin bangon, bututu ya zo ta ciki ya tsaya, wani ya tashi ta waje. A cikin jirgi kuma ana bi da shi ƙarƙashin wayoyin lantarki da tazara, kada ya bi samansu, kuma ba a ɗaure su tare.

Sandar ƙafa ita ce wurin da ya fi ba maƙera wahala, don haka zan ɗan daɗe a kanta. A RV-6A da ire-irensa ƙafar jirgi sandar ƙarfe ce mai tsalle, ita ce take shanye dukan sauka. Tana buɗewa in jirgi ya dira, tana karkarwa gaba da baya in yana tafiya a ƙasa marar kyau, tana tsukewa in ya tashi. Bututu kuwa a jikinta yake bi. Maƙeri mai tsoron kada ya yi lilo sai ya ɗauko ɗaurin roba mai haƙora, irin wanda masu wayarin suke tattara waya da shi, ya tamke bututun a jikin sandar. A ganinsa ya yi kariya, alhali ya haɗa duk sharuɗɗan guga a wuri ɗaya: alminiyam a kan ƙarfe, motsi a tsakaninsu, ƙura kuma tana shiga. Ɗaurin da kansa yakan yi zane a jikin bututun, har ma a jikin sandar, zane kuwa a ƙarfe mai tsalle shi ne mafarin tsagewa. Daɗin daɗawa, farin ɗaurin nan ba ya jure rana, yakan bushe ya karye.

Gyaran wannan shi ne a raba su. Inda akwai wurin ɗaura noti, ana amfani da maɗaurin ƙarfe mai shimfiɗar roba a ciki, wanda aka auna daidai da kaurin bututun. Littattafan koyar da makanikai na hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, sun ce bututun alminiyam mai rubu'in inci kada tazarar maɗauransa ta wuce inci 13 da rabi, watau kamar santimita 34. A jikin sandar ƙafa kuwa ba a huda ƙofa, ba a kuma yin walda, domin wuta tana kashe tsallen ƙarfen. Sai a yanko gajerun guntayen tiyo mai jure mai, a tsaga su, a sanya wa bututun a wurare uku ko huɗu, a naɗe sandar da tef mai kauri a daidai wuraren, sa'an nan a ɗaure. Ta haka roba ce take kan roba, kuma tsakanin ɗauri da ɗauri akwai sarari da ido zai gani. Naɗe bututun gaba ɗaya tun daga sama har ƙasa kuskure ne, domin yana tara laima yana kuma ɓoye ɓarna. Rigar da ake rufe sandar da ita domin iska ta wuce sumul, ita ma sai an tabbata bakinta da ƙusoshinta ba sa taɓa bututun.

A ƙarshen ƙasa kuma kalifa ba a kafe take ba, tana zamewa a kan sanduna biyu yayin da takalmin birki yake cinyewa. Idan aka kawo sandararren bututu kai tsaye aka ɗaura mata, ko dai ya hana ta zamewa, ko kuwa ita ta riƙa lanƙwasa shi har ya tsage a wuya. Shi ya sa ake yi masa zagaye mai faɗi kafin ya shiga, ko a ƙarasa da gajeren tiyo. A nan ne mutane da yawa suke sayen tiyo mai saƙar waya a bayansa, su ce sun huta. Lalle shi yana da juriya, amma saƙar nan magagari ce. Duk abin da ta jingina da shi, alminiyam ne ko rigar taya ko wani bututun, za ta ci shi. Wanda ya sa irin wannan tiyo ya kare tiyon, saura ya kare maƙwabtansa.

Abin da ake samu a kasuwa

Kusan duk abin da mota take bukata ana samunsa tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, kuma makanikanmu sun iya aiki. Sai dai akwai wasu al'adun gareji da ba sa ƙetarawa zuwa jirgi. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji yana da daɗin lanƙwasawa, amma girgiza tana sandarar da shi har ya tsage. Robar tsohon tiyub da ake naɗe waya da ita tana kumbura ta narke in jan mai ya taɓa ta. Man birkin mota mai lamba DOT 3 ko DOT 4 wani sinadari ne dabam, yana lalata zoben robar da aka yi domin jan man jirgi, kuma ba a gauraya su ko kaɗan. Wanda ya haɗa birkinsa da masta da kalifar babur, to man babur zai zuba, ya kuma rubuta haka a bakin tankin domin wanda zai zo bayansa.

Akwai wani tarko da ido ba ya gani. Bakin bututu ana buɗa shi kamar bakin algaita domin ya zauna a kan mahaɗi. Na'urar buɗa baki ta masu mota da masu firji digiri 45 take bayarwa, mahaɗin jirgi kuwa digiri 37 ne. In an haɗa su za su ɗauru, watakila ma ba za su yi yoyo ba a ranar farko, amma a kan siririn layi kawai suka haɗu, girgiza kuma za ta sami wurin. Na'urar digiri 37 ba ta da tsadar da za ta hana wanda ya iya sayen inji ya saye ta.

Dubawa, da wanda zai duba

Guga tana barin shaida ga mai nema. Alminiyam in yana gurzuwa baƙin gari yake fitarwa, kamar an goga bakin fensir, baƙin ƙarfe kuwa jan gari kamar tsatsa. Wuri mai ƙyalli a jikin bututun da sauransa ya dushe, shi ma shaida ne. Ƙurarmu a nan ta yi rana, domin duk inda mai ya tsattsafo sai ta manne ta yi taɓo, a gan shi daga nesa. Amma duba jirgi yana tsaye shiru bai isa ba. Sai wani ya kama bakin fiffike ya jijjiga, wani yana kallon ƙafar. Sai a ɗaga jirgin a ga yadda bututun yake in nauyi ya sauka daga kansa. Sai a cire riguna duka, a kwance ɗauri a duba ƙarƙashinsa, musamman bayan hunturu. Kafin kowane tashi kuma matuƙi ya taka kowace feda ita kaɗai ya riƙe, in ta yi laushi ko tana nutsewa a hankali, tafiya ta fasu.

Littafin gyaran jirage na FAA mai lamba AC 43.13-1B, wanda ya fito a 1998, ya sa iyaka a fili. Zanen da bai wuce kashi 10 cikin ɗari na kaurin bangon bututun alminiyam ba ana iya goge shi, in ba a gwiwar lanƙwasa yake ba. Kashi 10 na bangon da bai cika milimita ba kuwa kusan kaurin takardar rubutu ɗaya ne. Saboda haka zanen da farce ya maƙale a cikinsa ya riga ya wuce iyaka. Ba a like shi, ba a naɗe shi, sabo ake sa wa, a kuma nemo abin da ya ci shi a kawar.

Ma'aikatan gwamnati da ke cikin wannan zaure, ga naku rabon. Mutumin da ya shekara yana haɗa jirgi idonsa ya saba da aikinsa, ba ya ganin aibinsa. Ƙasashen da wannan sana'a ta zauna sun gane haka. A Amurka ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana da ƙwararru masu ziyartar maƙeri tun kafin ya rufe jikin jirgi, hukuma kuma ba ta barinsa ya ɗauki fasinja sai ya gama gwaji a keɓaɓɓen yanki, wanda bisa al'ada awa 25 ne ko 40. A Ingila ƙungiyar LAA tana da sufetoci masu sa hannu a kan kowane mataki na haɗi. Mu a nan muna da Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya tun 1964, muna da hukumar NCAA wadda ba jirgin da zai tashi bisa doka sai da rajistarta da yardarta, muna kuma da injiniyoyi masu lasisi a filin jirgin da ke bayan Sabon Gari. A ganina abin da ya dace shi ne jami'a da waɗannan hukumomi su buɗe ƙofar da saurayi mai haɗa jirgi a Fagge zai kai aikinsa a duba masa tun yana ƙwarangwal, lokacin da kowane bututu yake a fili, kuma canza hanyarsa ba zai ci fiye da aikin yini ɗaya ba.